Wasiƙa zuwa ga 'yata a Kumasi, kan takardar bincikenta

Nima, Akra

'Yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mamanki na gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na karanta takardar tsarin binciken da kika turo ta WhatsApp, wadda za ki kai wa malaminki. Rubutun ya yi tsabta. Inda nake da magana shi ne taken: shan magani ba bisa ƙa'ida ba a Gana. Gana gaba ɗaya? Daga Bawku har Axim? Ke kaɗai, a 'yan watanni, da kuɗin da na san iyakarsa tunda daga aljihuna zai fito? Ko Hukumar Abinci da Magunguna, da ma'aikatanta da motocinta, ba za ta ɗauki wannan kaya lokaci guda ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ki nemi tambaya ɗaya wadda za ki iya faɗa wa kakarki a numfashi guda ta gane. In ta samu, sauran babi-babin za su biyo ta da kansu.

Ba ni zan zaɓa miki ba, amma ga abin da na daɗe ina gani tun ina bayan tagar ba da magani. Da an ga watan Ramadan, mutanenmu masu ciwon suga da hawan jini sai kowa ya zama likitan kansa. Mai shan metformin, maganin ciwon suga, sau biyu ya mayar da shi sau ɗaya. Wani ya haɗe na safe da na dare ya watsa a baki da buɗa-baki. Wata ta ajiye maganin gaba ɗaya sai bayan salla. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shan glibenclamide, wani maganin ciwon suga, da sahur, domin wannan magani yana iya saukar da suga ƙasa ƙwarai ga wanda zai yi sama da awa 13 bai ci komai ba. Haka mai shan bendroflumethiazide, maganin hawan jini da ke sa fitsari, a yinin da ba zai sha ruwa ba. Yawancinsu ba sa gaya wa likita, don suna tsoron a ce kada su yi azumi. To ga Aboabo, ga Asawase, ga Sawaba, unguwannin Kumasi, duk kusa da ke. Ki tambaya: masu ciwon suga da ke karɓar magani a asibiti kaza, yaya suke canza shansa a watan azumi, kuma wa suke shawarta? Wannan tambaya tana da iyaka, tana da amsa, kuma ke kina da abin da yawancin 'yan ajinki ba su da shi: tsohuwa za ta gaya miki da Hausa abin da ba za ta taɓa faɗa da Turanci ba.

Babin abin da magabata suka rubuta, kada ki cika shi da sunaye don ya yi kauri. Ki karanta, ki nuna inda suka tsaya, ki ce daga nan zan ɗora. Abin da ba ki buɗe da idonki ba, kada sunansa ya shiga takardarki.

Na ga kin rubuta za ki tambayi mutum 384. Na san daga inda lambar ta fito, lissafin Cochran ne na fitar da yawan mutanen da za a tambaya a bincike, kuma ɗalibai da yawa ita suke kwafa ba tare da sun duba ko ta dace da su ba. An yi shi ne don jama'a mai yawan gaske. In masu zuwa asibitin da kika zaɓa 'yan ɗaruruwa ne, akwai gyaran da ake yi wa lissafin, adadin ya ragu. Ki fara zuwa ki tambayi yawan masu rajista, sannan ki zauna da malaminki ku yi lissafin tare.

Takardar tambayoyi ita ce inda zan so ki ɓata lokaci. Ki mayar da ita Hausa da Tonanci, wato harshen Twi, ki ba wani da bai ga ta asali ba ya sake mayar da ita Turanci, ki gwada biyun. Sannan ki jarraba ta a kan mutane kaɗan kafin aikin gaske. In kika ce wa dattijo "kana shan maganinka yadda aka ce?", zai ce miki ƙwarai kuwa, don kunya da girmama ɗiyar mutane. Ki ce masa: "Baba, jiya da wane lokaci ka sha, ƙwaya nawa?" A nan gaskiya take fitowa.

Sai izini. Jami'arku ta Kwame Nkrumah tana da kwamitin da ke duba duk binciken da ya shafi mutane, kuma ba a taɓa mutum ɗaya sai kwamitin ya amince. Ki shigar da takardunki da wuri, domin Ramadan ba ya jiran sa hannun kowa, kuma kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11. In ya wuce ki, sai dai ki dogara da abin da mutane suka tuna. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a gaban shaida, bayan kin yi masa bayani da harshensa. Kada ki rubuta sunan kowa, lamba ta isa; dokar kare bayanan jama'a ta 2012 tana nan, kuma zango ƙaramin wuri ne, kowa ya san kowa. Ki je ki gaida limami da sarkin unguwa ma, ko da fom bai nema ba. In kuma kin tarar da wanda yake shan magani ta hanyar da za ta cutar da shi, kada ki canza masa da kanki, ki tura shi wurin likitansa a ranar. Ki rubuta wannan a cikin tsarin tun yanzu.

Kasafin kuɗi ki yi shi da gaskiya: buga takardu, kuɗin mota, katin waya, ladan mai fassara. Ki turo mini jimillar a sidi kafin ƙarshen wata in san yadda zan yi. Mamanki ta ce in tambaye ki ko yajin da ta aiko ya iso.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki