Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Karanta Littattafan Laifi da Bincike

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a bana. Lissafin kuɗi yana hannun Malam Ma'aji, shi zai karanto nasa daban.

Zaman wata-wata ya ci gaba kamar yadda aka saba, Asabar ɗin ƙarshen wata bayan La'asar, in ban da watan azumi da muka ɗaga. Sababbin mambobi sun shigo, akasarinsu ɗalibai mata, kuma tun zuwansu muhawara ta ƙara zafi.

Mun buɗe shekara da The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a 1926. Wasu suka ce marubuciyar ta yi wa mai karatu ha'inci, wasu suka ce duk hujja tana kan shafi, mu ne ba mu lura ba. Bayan shi dattawanmu suka nemi a waiwayi James Hadley Chase, wanda suka yi ta ɓoyewa cikin littafin lissafi a makarantar kwana. Mutumin Ingila ne, sunansa na gaskiya René Raymond, amma yawancin labaransa a Amurka ya kafa su. Ɗalibanmu mata ba su ji daɗin yadda yake fasalta mace ba, kuma a ganina da gaskiyarsu. Wannan zaman bai yi tsawo ba.

Inda aka daɗe ana kai ruwa rana shi ne kan Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1982, shekarar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito. Labarin Mailoma, jigon littafin, da gungunsa ya tsiro ne daga halin da ƙasa ta shiga bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da makamai suka bazu a hannun mutane. Zama ɗaya aka ware masa, ya cinye biyu. Wani malami cikinmu ya ce shi bai ga tarihi a ciki ba, abin da ke faruwa yau a dazukan Zamfara da Katsina ya gani. Hajiya Shugaba ta ja hankali cewa kada a mayar da marubuci mai duba, abin da idonsa ya gani a zamaninsa ya rubuta. An tashi ba a daidaita ba. Kwafi ɗaya tal muka samu, bangonsa an ɗaure da salatif, shafukan farko sun yi ja saboda tsufa, haka ya riƙa yawo gida-gida a cikin leda. Wanda ya ɗauka ranar Litinin sai ya miƙa wa na gaba kafin Juma'a.

Lightseekers na Femi Kayode, na 2021, shi ma ya taɓa mu. Kisan ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu cikin 2012 ne ya zaburar da marubucin. A littafin an ga waɗanda suka yi kisan a bidiyo, abin da mai binciken ke nema shi ne dalilin da ya sa gari guda ya taru a kan yara. Duk wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a kasuwa ya san ba labarin nesa ba ne.

Abin da muka lura shi ne littattafan gida sun fi jawo magana, har masu shiru sukan buɗe baki. Saboda haka kwamiti ya ba da shawarar a fi ba su kaso a jadawalin baɗi. Turmin Danya, mai magana kan fasa-ƙwauri, zai zo farko, sannan My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, na 2018. Matsalar ita ce samun kwafi. An zaga wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari, na Turawa birjik, na Hausa kuwa sai an sha wuya. Duk mai tsohon kwafi a akwatin gida ya taimaka ya ara wa ƙungiya.

Game da shawarar littafi a zaurenmu na WhatsApp, doka tana nan: ka faɗi inda labari ya faru, da irin laifin, da wanda zai dace da shi, ka kuma yi gargaɗi in akwai zubar da jini ko batsa. Wanda ya tona mai kisa, shayin zama na gaba a wuyansa. Bana an sha shayin irin wannan tara fiye da sau ɗaya.

Masu riƙe da littattafan aro su dawo da su kafin zaman farko na sabuwar shekara, domin a ranar za a ƙidaya abin da ke cikin kabad a gaban kowa.

Sakataren ƙungiya