Zuwa ga mai cikin farin da ta tambaye ni ko ta haihu a gida

Ƙanwata, sallama irin ta masoya.

A taron masu awo na makon jiya kika miƙe a gaban mata, da cikinki wata bakwai, kika ce wannan ne na fari, lafiyarki ƙalau, kina son ki haihu a ɗakinki, kuma in faɗa miki tsakani da Allah ko ganganci ne. Lokaci ya ƙure mana a ranar. Na kuma ga yadda wurin ya yi tsit ana jiran abin da zan ce, sai na gane ba ke kaɗai ke da tambayar ba. Shi ya sa na rubuto a fili.

Kin faɗi dalilinki. Yayarki ta haihu a asibiti, aka daka mata tsawa tana tsakiyar naƙuda, aka hana kowa nata shiga, aka yi mata ƙari, wato yankan nan na faɗaɗa wa ɗa hanya, ba wanda ya ce mata uffan. Ban musa miki ba, don na sha gani, kuma abin kunya ne a aikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2018, ta ce a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna da ita, kuma a daina yi wa kowace mace ƙari ba tare da dalili ba. Saboda haka tsoronki yana da tushe. Sai dai tsoro ba ya tsara haihuwa, shi ya sa zan ba ki lissafi.

A 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Ingila mai suna Birthplace, wanda ya bi mata fiye da 64,000 masu lafiyayyen ciki. Ga waɗanda suka taɓa haihuwa, ba a ga bambancin haɗari ga jariri ba tsakanin gida da asibiti. Ga masu haihuwar fari kuwa, labari ya sha bamban. Cikin kowane jariri 1,000, kimanin 9 ne suka gamu da babbar matsala idan an shirya haihuwa a gida, 5 kuma idan an shirya ta a asibiti. Babbar matsalar ta haɗa da mutuwa, da taɓuwar ƙwaƙwalwa, da shaƙar kashi cikin huhu, da rauni a kafaɗa. Ki karanta shi ta fuska biyu. Jarirai kusan 990 sun fito lafiya, kuma iyayensu mata sun fi tsira daga tiyata da ƙari. Amma haɗarin ya kusa ninkawa.

Akwai wani adadin da ya fi damuna, wanda mata ba sa tambaya a kansa. Cikin masu haihuwar fari 100 da suka fara naƙuda a gida, 45 sai da aka kai su asibiti, ana cikin naƙudar ko jim kaɗan bayan haihuwa. Ga waɗanda suka taɓa haihuwa, 12 ne. Yawancin tafiyar ba ta gaggawa ba ce, naƙuda ce ta ƙi gaba, ko mace ta gaji tana neman maganin ciwo. Amma kusan rabi fa! Wato idan kika ce kin shirya haihuwar fari a gida, rabin shirin naki shirin barin gidan ne. Kuma ki tuna waɗannan matan ƙwararrun ungozomomi ne a kansu, ga motar asibiti da waya ɗaya ke kira. Wadda ba ta da waɗannan, lissafin ba nata ba ne, nata ya fi haka muni.

Me ya sa ta fari ta bambanta? Don hanya ce da ba a taɓa bi ba. Babu hoton ciki ko awon da zai tabbatar miki cewa kan wannan ɗan zai ratsa wannan ƙugun, naƙuda ce kaɗai ke ba da amsa. Ta fi daɗewa kuma. Daga buɗewar bakin mahaifa santimita 5 zuwa 10 tana iya cin awa 12, nishi kuma ya ci awa 3. Hawan jinin ciki mai kawo jijjiga shi ma ya fi kama masu cikin fari.

Akwai inda ba ma sai mun ja zance ba. In tagwaye ne, ko ɗa bai juyo da kai ba, ko naƙuda ta zo kafin mako 37, ko ciki ya wuce 42, ko jininki ya hau zuwa 140 bisa 90, ko kina da ƙarancin jini sosai, ko kina da ciwon suga, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, to asibiti, babu wata magana.

In babu ko ɗaya, sai mu zo ga wadda za ta karɓi haihuwar. Ba ina nufin dattijuwa mai sanyin hannu ba, duk da ina girmama ta. Ina nufin ungozomar da ta yi karatun aikin, mai lasisi. Ki ce ta buɗe miki jakarta ki gani da idonki, kada ki ji nauyi. Ki nemi abin jin bugun zuciyar jariri, don za ta riƙa saurara duk minti 15 a farkon naƙuda, duk minti 5 in an fara nishi. Ki nemi allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta dunƙule jini ya tsaya bayan haihuwa, ki tambaye ta yadda take ajiye ta, don zafi na kashe ƙarfinta. Ki nemi ruwan da ake ƙarawa ta jijiya da kayan sa shi, da kayan ɗinki, da 'yar robar nan da ake hura wa jariri iska. Ki tambaye ta yaushe rabon da ta yi amfani da ita. Sannan su zo su biyu, domin da zarar ɗa ya faɗo, mutum biyu ke neman kulawa.

Na ga ranar da hakan ya yi rana. Yarinya ta fito shuɗiya, jikinta laƙwas, ba kuka. Abokiyar aikina ta goge ta da tawul da ƙarfi, shiru, ta ɗora mata robar a fuska tana matsawa, idonta a kan ɗan ƙirjin nan ko zai ɗaga. Minti ɗaya kawai ake da shi a fara wannan. Ni kuwa ban iya taya ta ba, don a daidai lokacin na ji ɗumi a gwiwata, na duba na ga jini ya jiƙa shimfiɗa. Mahaifa ta saki, ta yi laushi kamar balan-balan da ya sace. Hannuna ɗaya na murza cikin, ɗaya na soka allura a cinya. Yarinya ta tsanyara kuka, mahaifa ta dunƙule a tafin hannuna, duk cikin minti biyar. Uwar nan lafiyarta ƙalau har wata tara, ba alamar komai. Zubar jini bayan haihuwa, wato rabin lita ko fiye, shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma sau da yawa ba ya sallama.

Sai nisa. Kada ki auna shi da kilomita, ki auna da minti, daga sa'ar da aka ce a tafi zuwa sa'ar da kike kwance a inda ake tiyata da ƙarin jini dare da rana. Ba kowane asibiti ne ke yi ba, ki bincika. Ke da maigida ku bi hanyar sau biyu, da tsakar dare da kuma lokacin cunkoso, kuna duba agogo. Ni in ya haura rabin awa hankalina ba ya kwanciya. Ki buɗe kati a can tun yanzu, ki san rukunin jininki, a san masu ba ki in an buƙata. Mota da mai a ciki, direba na biyu in na farko bai ɗaga waya ba, jaka a bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma jinkirin da ya fi cin rai ba a hanya yake faruwa ba, a cikin ɗaki ne, inda ake ta "a ɗan ƙara haƙuri, yanzu za ta sauka". Mai naƙuda ba ta cikin halin gardama, maigida ya rikice, kowa na faɗin tasa. Maganin wannan takarda ce. Ku zauna yanzu da hankalinku kwance, ke da shi da ungozoma, ku rubuta abin da in aka gani ba shawara sai tafiya: faya ta fashe ruwan ya fito kore, jini kafin ɗa ya fito, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, bugun zuciyar jariri ya sauya, awa huɗu bakin mahaifa bai motsa ba, mabiyiya ta ƙi fita bayan rabin awa da yin allura. Ku manna ta a bango. Doguwar naƙudar da aka zauna da ita kwana biyu ita ke jawo yoyon fitsari, kuma sau da yawa ɗan ma ba ya tsira.

Kin tambaye ni ko ganganci ne. In kin cika duk abin da na lissafa, ba zan kira ki mai ganganci ba, jikinki ne, zaɓinki ne. In ɗaya ya gaza, ganganci ne, kuma zan faɗa miki ko da za ki ji haushina. Da 'yar cikina ce ta tambaye ni, zan ce ta yi ta farin a ɗakin haihuwar da ungozomomi ke riƙe da shi, kusa da inda ake tiyata. A binciken nan na Ingila ba a ga ƙarin haɗari ga jariran fari a irin wannan wurin ba, kuma tiyata ta yi ƙasa. Ta tafi da mutum ɗaya mai baki da zai tsaya mata, ta faɗa tun a wurin awo cewa kada a yi mata komai sai an gaya mata. Ta biyu, in ta farin ta zo da sauƙi, sai mu sake zama.

Ki zo mini da katinki a awo na gaba, da lambar ungozomar da kike da niyyar kira, ina so mu gana da ita. Allah ya raba lafiya.

Yayarki,
Ungozomar da kika yi wa tambaya