Sanarwa kan canjin kwanon gida

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya gida ya yara. Insha Allah ranar Asabar ƙarfe 7 na safe kafintoci za su fara cire tsohon kwanon gidanmu na Jekadafari, gwamma a gama kafin damina ta kankama, yoyon ɗakin Hajiya ya yi yawa wallahi.

Ɗaki-ɗaki za su bi, ku shirya wa ƙarar guduma da ƙura, kowa ya fitar da talabijin ya lulluɓe katifa da leda. Don Allah a riƙe yara, ƙusa da yankakken kwano za su cika tsakar gida, kar kowa ya taka ba takalmi.

In gara ta ci katako sai an ƙaro kuɗi, wanda bai turo nasa ba ya daure kafin Alhamis.

Allah ya bar zumunci.