Abba, Ga Bayanin Takardun Komawata Gida

Assalamu alaikum.

Abba, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Kawunka ya kira ni daga Landan, ya ce ka faɗa masa wai na je wurin lauya na raba gidan Manchesta biyu don in zare hannun Ummanku daga ciki kafin in koma Kano. Ban kira ka ba, don na san halina na san naka, muryoyi za su tashi maganar ta ɓata. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake.

Bari in fara sallamar ƙananan. Na cike wa hukumar haraji fom ɗin P85 na barin ƙasa, na kuma sanar da ofishin fansho. Fanshon gwamnatin Ingila zai ci gaba da zuwa ina Kano, sai dai a kan adadin da na tafi da shi zai tsaya. Ƙarin da ake yi kowane Afrilu ba ya bin wanda ke zaune a Najeriya, alhali yana bin na Amurka da na Filifin. Ban ga adalci a nan ba, amma na sa shi cikin lissafina. Kuɗin zai riƙa shiga asusuna na nan, in riƙa ciro na wata-wata, domin wanda ya ga dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba zai juye guminsa duka cikin naira ba. Lokaci-lokaci za su aiko da takardar tabbatar da cewa ina raye. In ba a cike an mayar a kan kari ba, sai su tsayar da biya. Duk ambulan da ta zo da sunana ka buɗe ta a ranar, kada ka tura ta cikin aljihun mota tare da rasitan mai kamar yadda ka saba.

Izinin zamana na dindindin yana faɗuwa idan na wuce shekara biyu ban shigo ba, kuma asibitin kyauta na mazaunin ƙasa ne, ranar da na tare a can hakkina ya yanke. Duk na sani, ku daina maimaita mini kamar yau na sauka daga jirgi. Filin Hotoro ma takardar mallakarsa ta fito da sunana, NIN da BVN duk suna hannu.

To, maganar gida. Yadda muka saye shi, rajistar haɗaka ce irin wadda in ɗayanmu ya rasu gidan gaba ɗaya ya zama na wanda ya rage, ko me wasiyya ta ce. Ka ɗauka ni na riga tafiya. Gida ya koma hannun Ummanku ɗungurungum. Ranar da ita ma ta cika, ku 'ya'yan cikinta ne magadanta. Ina yayarku ta Gwammaja a wannan lissafi? Ba ta da ko bulo ɗaya. A shari'a ba ta gadon matar ubanta, a dokar Turawa ma haka. Hakkin da Allah ya yanka mata a Suratun Nisa'i zai salwanta ba tare da kowa ya ɗaga hannu ya ƙwace ba, takarda ce kawai za ta cinye shi. Wannan ne yake hana ni barci, Abba. Fansho ya ragu, asibiti ya yanke, duk ina iya haɗiye su. In tsaya gaban Ubangiji a tambaye ni rabon yarinyar nan, ban da amsar da zan bayar.

Abin da lauya ya yi shi ne ya sauya rajistar, kowa ya riƙe rabinsa da sunansa. Rabin Ummanku nata ne halak malak, da aikin dare ta biya shi, ba wanda zai taɓa. Tana zaune a gefena aka rubuta, ita ta fara sa hannu, ka tambaye ta. Rabina ne za a raba: a biya bashi da kuɗin jana'iza, a fitar da abin da na yi wasiyya da shi wanda bai kai sulusi ba, a ba ta tumuninta, sauran a raba muku namiji rabon mace biyu, har da yayarku. Dole aka rubuta wannan rabon dalla-dalla a cikin wasiyyata, don kotun nan ba ruwanta da ilimin gado. Wanda ya mutu ba wasiyya, dokarsu ta ba matarsa kayan gida da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage. Shaidu biyun da suka sa hannu ma daga masallaci na ɗauko su, domin magajin da ya yi shaida a wasiyya rabonsa na ciki ya faɗi a dokarsu.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne ka kai maganar gidanmu waje kafin ka tako ka tambaye ni. Kai da na sa sunanka a takardar wakilci, in tsufa ya taɓa mini hankali kai za ka riƙe asusuna da gidana. Wanda zan damƙa wa wannan shi ne yake zargina da cutar uwarsa? Kuma ka faɗa mini gaskiya, yaushe rabonka da kiran yayarka? Sallah ta zo ta wuce, ko saƙo ba ka tura ba. Ita ta yi jinyar Hajiya har ta rufe ido, muna nan muna aika kuɗi muna ganin mun yi abin kirki. Ka san yadda abubuwa suka kasance a lokacin, ban bar ta can don son raina ba, kuma ba zan bari a yi mata rashi na biyu ba. Ka kuma sani wakilcin nan yana ƙarewa ne ranar da na mutu. Daga ranar kai magaji ne kamar kowa.

Na san tsoronka, kana gudun a ce a sayar da gida a bar Ummanku a titi. Wannan tunanin ɗa nagari ne, Allah ya yi maka albarka a kansa. Ba ni da ikon rubuta mata zaman gidan a matsayin umarni, don babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Roƙo na rubuta, cewa ku bar ta a ɗakinta iya rayuwarta. Na yi magana da yayarku, tun ban rufe baki ba ta ce ta yarda. Saura kai da ƙannenka.

Lauyan ya ba mu ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ka zo da fasfonka da wata takarda mai adireshinka, ka karanta komai da idonka, abin da ba ka gane ba ka tambaye shi a gabana. Ka gaida maiɗakinka, ka kawo mini yaran ranar Asabar su tayani ɗaure littattafai.

Wassalam,
Mahaifinka