Wasiƙa daga Thetford

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Ka tambaye ni mutum-mutumin nan da na ɗauki hoto a gefensa, wai ko wani janar ne. Ina! Kyaftin Mainwaring ke nan, na wani wasan barkwanci da ake kira Dad's Army. A 2010 aka zaunar da shi kan benci a bakin kogi, saboda a garin nan na Thetford, a Ingila, da kewayensa aka ɗauki yawancin hotunan waje na wasan. BBC ta nuna shi daga 1968 zuwa 1977, kashi 80, an kuma mayar da shi na rediyo. A gidan tsofaffin da nake aiki, da an sa shi sai ka ga har mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Abin yana da asali. Ranar 14 ga Mayu 1940, da Jamus ta danno Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, ministan yaƙin Birtaniya Anthony Eden ya yi kira a rediyo cewa maza daga shekara 17 zuwa 65 su fito su tsare gida. Suka yi ta tururuwa har suka kai miliyan ɗaya da rabi, alhali da farko ko bindiga babu. Wasu da ta farauta suka zo, wasu da sandar shara suka yi fareti.

Su ne ake wa dariya. Kyaftin ɗin manajan banki ne, gajere, mai ji da kansa, ɗan talaka da ya tashi da guminsa. Sajansa, Wilson, akawunsa ne a banki, amma ɗan manyan gida, mai sanyin murya, wanda ko umarni zai ba soja sai ya haɗa da roƙo. Wannan ke cin kyaftin a rai, kuma a nan daɗin wasan yake, domin Turawan nan sun damu da asali fiye da yadda suke nunawa. Akwai Kofur Jones, wani tsoho mahauci, kullum labarinsa yaƙin Sudan a ƙarƙashin janar ɗin Birtaniya Kitchener, yana kuma ɗan ƙara wa nasa nama a ɓoye lokacin da ake sayarwa da kati saboda ƙarancin abinci.

Abin da ya burge ni, ba a wulaƙanta su. Duk shirmen kyaftin, in haɗari ya zo da gaske shi ne a gaba. Arnold Ridley ma, wanda ya fito a tsohon da kullum ke neman izinin kewayawa, sojan gaske ne, an ji masa mummunan rauni a faɗan Somme, a Faransa, a 1916.

Na ba wani dattijo labarin Kaka da zuwansa yaƙin Bama (Burma), ya ce bai taɓa jin mutanenmu sun je ba. Don Allah ka duba akwatin ƙarfen nan na ɗakin Inna, ka ɗauko mini hoton lambar yabon Kaka gaba da baya, in nuna masa.

Kuɗin maganin Baba na turo ranar Juma'a, ka sanar da ni in sun shiga. A gaida Inna da su Gwaggo, a shafa mini kan yara.

Ƙanenka.