Juyin Mawlawiyya ya wuce rawar nishaɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na ga hoton da kuka sa a shafin al'adu na wasu maza sanye da fararen kaya suna juyi, aka rubuta a ƙasansa wai rawar gargajiya ce ta Turkiyya. Ranka ya daɗe, wannan bayani ya tauye musu haƙƙi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Waɗannan mutane almajiran ɗariƙar Mawlawiyya ne, wadda ta samo asali daga Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a birnin Konya na Turkiyya ranar 17 ga Disamba, 1273. Ɗansa Sultan Walad ne ya tsara ɗariƙar bayansa. Har gobe mabiyansa daren aure suke kiran daren rasuwarsa, domin a wajensu ranar ce masoyi ya isa ga Wanda yake so. Duk abin da ke cikin zaman juyin nan a kan wannan ƙauna aka gina shi.

A dubi tufafin kawai. Baƙar alkyabbar da suke shigowa da ita kabari ce. Doguwar hular nan dutsen kan kabari ce, farar rigar kuma likkafani. Idan mai juyi ya tuɓe alkyabbar, ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu, ya sumbaci hannun shehin da ke kan jan buzu, cewa yake yi ya binne son zuciyarsa. Sai ya buɗe hannuwa a hankali, tafin dama na kallon sama, na hagu na kallon ƙasa: abin da ya karɓa daga Allah ya miƙa wa bayinsa, bai riƙe komai ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne babu wanda yake yin abin shi kaɗai. Da yabon Annabi (SAW) ake buɗewa, sannan mai sarewa ya busa shi ɗaya. Da kukan sarewa Rumi ya buɗe littafinsa Masnawi, karan da aka yanko daga cikin 'yan'uwansa yana kukan rabuwa. Masu ƙananan ganguna su ba da taki, mawaƙa su ɗauka, masu juyi su bi har zagaye huɗu. Akwai wani dattijo da ke yawo a tsakaninsu yana gyara tazara da ɗan motsin ƙafa ko na kai, don kada rigar wani ta taɓa ta wani. Mai ganga ya yi gaggawa, mai juyi ya rikice. Da karatun Alƙur'ani ake rufewa.

Kuma ba a kwana ɗaya ake kai wa nan ba. A da, sai almajiri ya yi kwana 1001 yana hidima, galibi a ɗakin girki, kafin a ce ya zama cikakken ɗan ɗariƙa. Juyin ma a kan allo mai ƙusa a tsakiya ake koyonsa, a sa ƙusar tsakanin babban yatsan ƙafar hagu da na kusa da shi, ƙafar dama tana turawa, har jiki ya saba.

Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa. Imam Gazali ya ware masa babi a littafinsa Ihya'u ya halatta shi da sharuɗɗa, Ibn Taimiyya kuwa ya soki irin wannan zama. Ban isa in raba wannan gardama ba. Amma ko wanda bai yarda da abin ba ya kamata ya san me yake ƙi.

Damuwata ita ce yadda abin ya koma. A 1925 gwamnatin Turkiyya ta rufe zawiyoyi, daga baya a shekarun 1950 aka bari a riƙa yi a bainar jama'a a matsayin al'ada, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 2005. Yau sai ka ga mutum ɗaya yana juyi a gidan cin abinci, faifai na tashi, baƙi na ɗaukar hoto da waya. Ba mai sarewa, ba shehi, ba karatu. Wallahi abin yana sosa mini rai.

Ina roƙon masu shirya wasannin kiɗa da rawa a dandamali, waɗanda ke son aron wannan siffa don nuna soyayya da riƙon alkawari, su fara zama da ma'abota abin su tambaye su. Su kawo makaɗa na gaske su yi atisaye tare da masu rawa, su kuma rubuta wa 'yan kallo ma'anar kayan a takardar shiri. Wanda ba zai iya wannan ba, ya ɗinka wa 'yan rawarsa wasu kayan daban, ya bar musu likkafaninsu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum