A Ba Masu Ceton Dabba Kariyar Doka

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke damuna. Kwanakin baya na tarar da wani kare da mota ta buge, yana kwance a bakin titi, ƙafarsa ta baya ta karye, jini na zuba, numfashinsa sama-sama. Mutane sun yi cirko-cirko, ba wanda ya taɓa shi. Wani ya ja ni gefe ya ce, idan ka ɗaure masa raunin ya mutu a hannunka, mai shi zai ce kai ka ƙarasa shi. Na dai ɗaure da tsumma, amma gabana na faɗuwa.

Bai kamata tausayi ya zama abin tsoro ba. A Amurka, jihar Tennessee ta gyara dokarta a 2015: wanda ya fasa gilashin mota don ceto dabbar da zafi ke neman kashewa ba za a bi shi diyyar ɓarnar ba, muddin ya sanar da hukuma tukuna. Jihar Ohio kuwa a 2016 ta ba ma'aikatan agajin gaggawa damar tsayar wa kare ko kyanwa jini, su ba su iskar oksijin, kafin a kai su wurin likitan dabbobi.

Ina roƙon 'yan majalisa su yi mana irin wannan doka. Wanda ya yi ganganci a hukunta shi, amma wanda ya taimaka da zuciya ɗaya, ko da dabbar ba ta yi rai ba, kada a maka shi a kotu.

Naka,
Wani mai karatu